Hajiya na zargin matata da sata, likita ya ce amiloyid ne

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 46 a Zariya, ni ne kuma babba a ɗakinmu. Mahaifiyata shekararta 71, tana wurina tun bayan rasuwar mahaifinmu shekara 5 da suka wuce. Shekara 2 ke nan da ta fara mantuwa, ta yi tambaya a ba ta amsa, ba a jima ba ta sake. Yanzu abin ya kai tana cewa matata na sace mata kuɗi da zannuwa, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta faɗa masa. Ƙannena mata sun ce sammu matata ta yi mata, sun ce in zaɓa tsakanin uwa da mata. Na kai ta asibiti, likita ya yi mata tambayoyi, aka ɗauki hoton kai, ya ce alamu sun fi kama da cutar Alzheimer, wai wani abu mai suna amiloyid ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana kashe ƙwayoyinta. Ƙanena da ke Ingila ya ce an samu sabon magani da ke wanke amiloyid ɗin, mu sayar da filinmu na gado mu fita da ita. Mene ne amiloyid? Maganin zai dawo mana da ita? Ni ma zan gada? Kuma yaya zan yi da matata da kullum ke cikin kuka?

Mai neman shawara, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya sa wahalar da kuke sha ta zama nauyin mizani.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ita ce ba ta jiran gobe. Kada ka saki matarka a kan wannan magana, kada ma ka ce ta je gida har ƙura ta lafa. Zargin sata yana cikin alamomin da aka fi sani a wannan ciwo, kuma a kan mai hidima yake sauka: wadda ke share ɗakin, ta kakkaɓe shimfiɗa, ta kwashe wanki. Da ɗaya daga cikin ƙannen naka ce ke kwana da Hajiya, da yau ita ce ɓarauniyar. In ka kori matarka, ba za a jima ba sunan zai koma kan wanda ya gaje ta a aikin. Ka kashe aure a banza, Hajiya kuma ta rasa hannun da ta saba da shi.

Ita ma Hajiya ba ƙarya take yi ba, ba kuma sharri ba ne. Duba yadda abin ke faruwa. Ta ƙulle dubu biyu a bakin zani, tsoro ya kama ta kada a ɗauka, ta kwance ta tura cikin rigar matashi ko ƙasan kwalla. Ni da kai in muka yi haka muka manta, da an ce a duba matashi sai mu ce af, haka ne. Ita kuwa wurin da ya kamata ya rubuta "na sa a matashi" a ƙwaƙwalwarta bai rubuta komai ba, saboda haka babu abin da za a tuno. Abu biyu kawai ta sani: tana da kuɗi, yanzu babu. Ragowar hankalinta ya haɗa lissafi yadda na kowa zai haɗa, ya ce ɗauka aka yi. Wa ke shiga ɗakin? Matarka.

Matar farko da aka bayyana ciwon a kanta ma da zargi ta fara. A 1901 aka kwantar da Auguste Deter, mai shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus, inda likita Alois Alzheimer ya riƙa duba ta. Abin da aka fara gani a gida shi ne tsananin kishi da zargin mijinta, sannan ta riƙa kwasar kayan gida tana ɓoyewa. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin ƙara girma, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, da wani zare da ya cukurkuɗe a cikinsu. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong a Amurka suka gano furotin ɗin da ke cikin irin waɗannan dunƙule, shi ne amiloyid ɗin da likitanku ya ambata.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace tana da rassa, tana taɓa dubban 'yan'uwanta ta wasu 'yan mahaɗai da ido ba ya gani, ta nan saƙo ke wucewa. Duk abin da Hajiya ta sani, daga Fatiha zuwa yadda ake kaɗa miyar kuka, a cikin waɗannan mahaɗai yake zaune. A jikin ƙwayoyin akwai wani dogon furotin da ake kira APP, wanda wasu sinadarai ke yankawa gutsi-gutsi. Ɗaya daga cikin guntayen shi ne amiloyid. Kowa na yin sa kullum, yaro da babba, kullum kuma ana kwashe shi: wani a narkar da shi nan take, wani jini ya ɗauke, wani ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa ya wanke. Matsala na farawa idan kwasa ta kasa kamo zuba. Guntayen danƙo gare su, sai su manne wa juna, su zama ƙananan curi masu yawo suna lahanta mahaɗai, daga baya su zama manyan dunƙule. Wannan taruwa takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana. In hasashen likita daidai ne, abin ya faro tun Hajiya na ɗakin mahaifinku, shekaru masu yawa kafin ta zauna inuwa ɗaya da matarka. Wannan kaɗai ya kamata ya sa masu maganar sammu su dakata.

Amma amiloyid ba shi kaɗai ke aikin ba. A cikin kowace ƙwaya akwai siraran bututu da ke kai abinci da kayan gyara daga jikinta zuwa ƙarshen rassanta, wani furotin mai suna tawu ne ke riƙe da su. A wannan ciwo tawu yakan canza kama, ya saki bututun, ya nannaɗe da 'yan'uwansa ya zama zaren nan da Alzheimer ya gani. Jigila ta tsaya, rassa su bushe, mahaɗai su katse, a ƙarshe ƙwayar ta mutu. Fata na warkewa, ƙashi na ɗoruwa, amma ƙwayar jijiyar da ta mutu a ƙwaƙwalwa ba ta da madadi. An lura cewa inda tawu ya kai ya fi tafiya daidai da tsananin ciwon fiye da yawan amiloyid, shi ya sa mafi yawan masana suka tafi a kan cewa amiloyid ke buɗe ƙofa, tawu ya shiga ya yi ɓarnar. Akwai kuma wasu ƙwayoyi da ake kira maikurogiliya, aikinsu gadi da shara. Su ke kewaye dunƙulen suna ƙoƙarin cinyewa. In faɗan ya ɗauki shekaru sai su harzuƙa, su riƙa fitar da sinadaran kumburi, har su datse mahaɗai masu lafiya.

Ɓarnar tana da inda take farawa. Can cikin kai, kusan saitin kunnuwa, akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana ce masa hifokamfus. Shi ke karɓar abin da ya faru yau ya shirya shi don ajiya, kuma shi da maƙwabtansa tawu ke fara ci. Abin da aka ajiye tun shekara 50 ya riga ya bazu a sauran sassa, don haka yake daɗewa. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ke ruɗa ƙannenka. Suna zuwa ranar Juma'a da yamma, Hajiya ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi mazajensu da yara, ta ba da labarin bikinta har da sunan wadda ta sa ta a lalle, ta kawo karin magana inda ya dace. Su tashi suna cewa ai Hajiya garau take, in ta ce an sace to an sace. Gaisuwa da tsohon labari su ne na ƙarshen tafiya. Ba sa nan da safe lokacin da take cewa ba a ba ta koko ba, ga kofin a gabanta ta shanye.

Hujjar cewa amiloyid na da hannu tana da ƙarfi. Ƙwayar gadon da ke yin APP tana kan kuromosom na 21, wato ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Masu lalurar Down kuwa, wadda ake haihuwar yaro da ita ta jinkirta masa girma da koyo, wannan kuromosom guda uku gare su maimakon biyu, kuma kusan dukkansu dunƙulen ya taru musu kafin su wuce shekara 40. A yankin Antioquia na Kolombiya akwai wani babban dangi da ke gadon wani sauyi mai ƙara mugun nau'in amiloyid, mantuwa na kama su tun suna shekara 40 da ɗoriya. Amma a cikin dangin nan ne aka samu wata mata mai ɗauke da sauyin, wadda ta haura shekara 70 kafin hankalinta ya fara raguwa. Binciken da aka wallafa a kanta a 2019 ya nuna ƙwaƙwalwarta cike take da amiloyid, tawu kuwa kaɗan ne. Haka nan cikin tsofaffin da suka wuce 70 da hankalinsu cikakke, kusan ɗaya cikin uku ko huɗu na da amiloyid a tare.

Ka ɗauki misalin kwatar unguwa. Duk rani ana jefa ledar ruwa ba wanda ya damu, don ba a ga komai ba. Damina ta zo, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a gindin katangar ƙasa yana ci a hankali har ta zube. In aka yi gayya aka yashe kwatar bayan nan, an yi abin kirki, ƙila a ceci ɓangaren da ya rage a tsaye, amma wanda ya faɗi ba zai miƙe ba don an kwashe leda.

Maganin da ƙanenka ya ji labari gaskiya ne akwai shi. Guda biyu ne: lecanemab, wanda Amurka ta ba cikakkiyar amincewa a 2023, da donanemab a 2024. Suna kwashe amiloyid sosai. A gwajin lecanemab da aka yi wa mutum kusan 1,800 na tsawon wata 18, waɗanda suka samu maganin ma sun ci gaba da raguwa, sai dai tafiyar ciwon ta yi jinkiri da kashi 27 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ba su samu ba. Ba tsayar da ciwon yake yi ba, balle ya dawo da abin da ya tafi. A gwajin, ta jijiya aka riƙa sa shi kamar ƙarin ruwa, duk mako biyu. Kusan mutum ɗaya cikin takwas ƙwaƙwalwarsu ta yi kumburi, wasu sun samu ɗigar jini a ciki, saboda haka dole a riƙa ɗaukar hoton cikin kai na MRI a kai a kai. Ba a ba kowa: sai wanda ciwonsa ke matakin farko, sai kuma an tabbatar da amiloyid ɗin ta wani hoto na musamman mai suna PET ko ta ɗibar ruwan ƙashin baya. Farashin da aka sa wa lecanemab a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, ban da kuɗin hoto da likita da masauki. A Ingilar da ƙanenka yake, an ba maganin lasisi a 2024, amma hukumar da ke tantance abin da asibitocin gwamnati za su saya ta ce amfaninsa bai kai kuɗinsa ba.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: kada ku sayar da filin saboda wannan. Ka tambayi likita matakin da Hajiya take, amma mai shekara 2 cikin mantuwa da ta kai ga zargi, da wuya ta shiga cikin waɗanda ake ba maganin. Ga kuma abin da ba a sawa a lissafi: a ɗauke tsohuwa mai wannan lalura daga ɗakinta, daga kiran sallar masallacin da ta saba ji, a kai ta ƙasar sanyi cikin mutanen da ba ta jin yarensu, wannan kansa yana ƙara rikita ta. Na fahimci ƙanenka. Yana nesa, zuciyarsa na ƙuna, yana son ya yi wani abu babba. Ka nuna masa inda kuɗinsa zai yi aiki: albashin mai taya matarka jinya, kuɗin magani da na asibiti duk wata. Kuma da zarar maganar amiloyid ta shiga wayarka za ka fara ganin tallan garin magani da ƙwayoyi masu "wanke ƙwaƙwalwa". Babu ganye ko ƙwayar ƙarin lafiya ko ɗaya da aka tabbatar tana kwashe shi. Kada ka ba su ko kwabo.

Akwai abin da nake so ka koma da shi wurin likita. Hoton CT ko MRI na yau da kullum ba ya nuna amiloyid. Abin da yake nunawa shi ne inda ƙwaƙwalwa ta motse, da tabon toshewar jijiyoyin jini, da ƙari ko jinin da ya kwanta bayan faɗuwa. Likitanku ya haɗa alamu ne ya yi hukunci, kuma haka ake yi a mafi yawan duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 na masu gigin tsufa, saura wasu dalilai ne, babba a cikinsu lalacewar ƙananan jijiyoyin jini da hawan jini da ciwon suga ke jawowa. A tsofaffi sau da yawa biyun ke haɗuwa. Wannan ɓangaren jini kuwa ana iya yi masa wani abu yau, a Zariya, da kuɗi kaɗan. Ka tambaya an auna jininta da suga, an duba bitamin B12 da sinadarin tayiroyid da aikin ƙoda, an kuma duba ko ciwon damuwa ne ya ƙaru a kai tun bayan rashin mijinta. Ka zuba duk abin da take sha a leda ɗaya ka kai masa, har da na gargajiya da na kemis. Maganin barci irin diazepam da maganin mura irin Piriton suna ƙara rikita tsoho.

Magungunan da ake samu a nan, donepezil da memantine, ba sa taɓa amiloyid. Na farkon yana ƙara yawan wani sinadarin isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin da suka rage, wasu sukan ɗan ji dama na wani lokaci, wasu ba sa ganin canji. Yana iya kawo tashin zuciya, gudawa ko saukar bugun zuciya, don haka likita ne zai rubuta ya kuma bi sawu. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali kuwa suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo. Kada wani ya ba ta don a samu barci a gida sai da umarnin likitan da ya san halin da take ciki. In kana son ƙwararre, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da kai, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna.

Batun gado, ka kwantar da hankalinka. Irin na dangin Kolombiya, wanda ke bin jini kai tsaye ya kama mutum da ƙuruciya, bai kai kashi 1 cikin 100 na masu ciwon ba. Na Hajiya da ya bayyana dab da shekara 70 irin na gama-gari ne. Samun uwa mai shi yana ɗan ƙara maka haɗari, amma ba hukunci ba ne. Akwai wata ƙwayar gado, APOE4, da ke ƙara haɗarin, sai dai mutane da yawa na ɗauke da ita har su mutu da hankalinsu. Wani dogon bincike da aka faro a 1992 ya kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis a Amurka. Sakamakon da aka fitar a 2001 ya nuna sababbin kamu a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma tasirin APOE4 ya fi rauni a Ibadan. Cikin bambance-bambancen da masu binciken suka nuna har da ƙarancin hawan jini da ciwon suga da kitsen jini a tsofaffin Ibadan na wancan lokaci. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ƙiyasta suna da alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya. Kai da kake 46, yanzu ne lokacinka. Ka san lambar hawan jininka kamar yadda ka san lambar wayarka, in an ɗora ka a kan magani kada ka daina don ka ji garau. Ka auna suga da kitsen jini, ka yi tafiyar ƙafa, in kana shan taba ka bari, ka sa hular kwano in za ka hau babur, in kunne ya fara nauyi ka je a duba.

Yanzu gida. Aikin farko naka ne, ba na matarka ba. Sunanta aka ɓata a gaban baƙi da dangi, kai za ka wanke shi da bakinka a gaban waɗanda suka ji. Ka zaunar da ita ka ce mata ka san ba ta ɗauki komai ba, ka gode mata. Sannan ka tara ƙannenka, in da hali da wani kawu ko goggo da ake jin maganarsa, ka kuma tafi da wadda ta fi zafi a cikinsu wurin likita ta ji da kunnenta. Daga nan a raba jinya. Kowace ta zo ta yi mako, da kwana, ba ziyarar la'asar ba. Wannan zai ba matarka hutu, kuma wadda ta kwana uku a ɗakin ba sai an sake yi mata bayani ba.

In Hajiya ta ce an sace, kada a yi musu da ita, kada a ce "ke ce kika manta", kada a rantse mata da Alƙur'ani. Hujja ba ta zama inda babu wurin ajiye ta, ɓacin ran kuwa yana zama har bayan an manta dalilinsa. A ce mata: "Subhanallahi, Hajiya, bari mu nemo." A nema tare, a bari ita ta gano da hannunta, don in matarka ce ta ciro za a ce dama ita ta ɓoye. Yawanci wurin ɓoyon biyu ne ko uku, za ku gane su. Ku bar mata 'yar jaka da ƙananan kuɗi, ku ajiye irinta a gefe don ranar da aka rasa. Manyan kuɗi da zinare da takardun fili da katin banki su koma hannunka, a rubuce, da sanin 'yan'uwa, don kai ma kada zargi ya biyo ka. A duba kwandon shara kafin a zubar.

Da yawa sukan rikice dab da magariba, su ɗaura gyale su ce gida za su, suna nufin gidan iyayensu da aka daɗe da rabuwa da shi. Kada a ce mata ai Baba ya rasu tun tuni, don za ta ji kamar yanzu aka yi mata rasuwar. A kunna fitila da wuri, a tambaye ta labarin gidan, a ba ta abin yi da hannu: tsintar wake, ninke kaya, jan carbi. Ku sa ƙararrawa a ƙofar zaure, ku ɗinka mata lambar wayarka a cikin hijabi, ku faɗa wa maƙwabta da mai shagon bakin layi gaskiyar abin da ke damunta. Ɓoyewa don kunya shi ke sa tsohuwa ta ɓata a kasuwa, a wasu wuraren har a taru a kanta ana kiranta mayya. A rufe rijiya, a kashe tukunyar gas daga kai. In akwai yanar ido a yi mata aiki, in kunne ne a nema mata na'ura, domin wanda ba ya gani sosai ba ya ji sosai ya fi saurin zargi.

Za ka ga ta yi alwala sau uku a jere, ko ta yi azahar raka'a shida. Kada a tsawata mata. Wani ya tsaya kusa da ita ta bi shi, ya wadatar. Allah da kansa ya ambaci wannan hali a suratun Nahli, aya ta 70, cewa akwai wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, hadisi kuma ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Hukuncin azuminta ka tambayi malamin da ka amince da shi, ka gaya masa abin da likita ya ce. Addu'a da tofi ku yi ta yi, karatun da ta saba ji ma yana kwantar mata da hankali. Amma kada ka yarda a turara mata hayaƙi, ko a doke ta da sunan fitar da aljani, ko a ɗaure ta, ko a kulle ta ita kaɗai a ɗaki.

Tun tana da sauran safiya mai haske, ka zauna da ita da shaida ɗaya ko biyu ka tambaye ta bashin da ake bin ta da wanda take bi, ajiyar da aka ba ta, adashin da take ciki, da wasiyyar da take son bari. Kada ka jinkirta wannan zama.

Wannan ciwo a hankali yake tafiya, wata da watanni. In ka ga ta canza cikin kwana ɗaya ko biyu, ta rikice fiye da kullum, ko barci ya yi mata yawa, ko ta daina gane ku kwatsam, kada ka ce ciwon ne ya ƙaru. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko cutar mafitsara, ko ciwon haƙarƙari, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko taurin bayan gida, ko wani ciwo da ta kasa faɗa. Duk waɗannan suna da magani. Ku tafi asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.